Takardar Talaucin Siddiq

Taƙaitaccen bayani, domin waɗanda ba su san farkon zancen ba: Ni, Hauwa'u Jidda, 'yar asalin Funtuwa, ɗalibar digiri na biyu a birnin Doha, ina mai tabbatar da cewa a ranar Litinin, da misalin ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mushairib, na aika wa waliyyina takardar da ke shaida cewa mutumin da nake so in aura yana cikin matsanancin talauci, kuma saniyar ware ne a cikin jama'a. Takardar tana ɗauke da tambarin jami'a da sa hannuna. Ba a tilasta ni ba, ba a sace mini waya ba, ina kuma cikin hayyacina lokacin da na danna. A ranar, saura kwana biyar mutanensa su je gidanmu neman aurena.

Yanzu ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Karatun da ya kawo ni ƙasar nan a kan dabarun da ƙasashe masu arziki ke bi wajen yaƙi da talauci ne. Ranar da na faɗa wa Gwaggo Asibi, ƙanwar mahaifina, cewa ta yi, "Au, su ma suna da shi? A ina suke ajiye shi?" Na yi mata bayanin cewa a can ba sai mutum ya kwana da yunwa ake kiransa talaka ba. Akwai ƙasar da ke fara miƙa wa marar muhalli makullin ɗaki kafin a tambaye shi ko ya daina shaye-shaye. Akwai inda likita ke rubuta wa tsoho zuwa ƙungiyar masu shuka furanni kamar yadda ake rubuta magani. Akwai ma wadda ta naɗa minista sukutum domin kula da masu fama da kaɗaici. Gwaggo ta ce a turo mata ministan ya zo gidanmu ranar suna, ya ga yadda ake neman wurin kaɗaicewa a rasa.

Ƙasashen Turai suna da wani ma'auni mai tambayoyi goma sha uku: ko kana da kaza, ko kana yin kaza. Wanda ya rasa bakwai a ciki, a rubuta shi cikin masu matsanancin hali. Aikina shi ne in gwada ma'aunin a kan baƙin ma'aikata a Doha. Ƙa'ida ce kuma, kafin a fita da takardar tambayoyi, a fara gwada ta a kan mutum ɗaya. Na duba gabas da yamma, ban ga wanda zai zauna mini kyauta yana murmushi ba sai Siddiq.

Siddiq ɗan Malumfashi ne, injiniyan na'urorin sanyaya gini a dogayen benayen West Bay. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen da sai sun tafi kake gane zolayarka suka yi. Na san shi ta hannun Anti Liatu, ma'aikaciyar jinya da ta taso a layinmu a Funtuwa, wadda Baffa, waliyyin nawa, ya damƙa mata amanata ranar da na sauka a ƙasar nan. Ita ce ke zama tsakaninmu duk lokacin da za mu haɗu, tana danna waya, tana rantsuwa ba ta jin komai.

Ran nan a kasuwar Souq Waqif muka zauna, shayin karak a gabanmu, na zaro biro.

"Kana iya ɗumama gidanka yadda ya kamata?"

Ya kalle ni, ya kalli ranar da ke narka duwatsun kasuwa. "Ranki ya daɗe, shekarata huɗu ana biyana albashi don in hana gida ɗumama."

"I ko a'a?"

"A'a."

"Mota?"

"Jirgi na bi ta ƙarƙashin ɗakina. A'a."

"Hutun mako guda a shekara, a wajen gida?"

"Ina zuwa Malumfashi."

"Ai nan gida ne."

"To a'a."

"Kana sauya kujeru idan sun tsufa?"

"Na kamfani ne. In na taɓa su kafil, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, zai taɓa ni."

"Takalma ƙafa biyu masu kyau?"

"Har Juma'ar da ta wuce ina da su. Wani bawan Allah ya riga ni fitowa daga masallaci."

"Fita nishaɗi a kai a kai, kamar silima ko kallon wasa?"

"Wannan zaman yana ciki?"

"Wannan bincike ne."

"Allah sarki. A'a."

Anti Liatu, wadda ba ta jin komai, har ta ƙware da shayi. Ina dariya na karanta ta ƙarshe: ko yana zama da 'yan'uwa ko abokai a ci abinci tare, ko sau ɗaya a wata. Ya ce a'a. Bai ƙara komai a kai ba, ni kuma ban lura ba, ina can ina ƙirga. Bakwai cif. Na rubuta sakamakon a ƙasa da manyan baƙaƙe, na sa hannu, na ɗauki hoton takardar na ajiye a wayata, a wurin da nake tara duk abin da ya shafe shi. Muka yi ta dariya har tashar jirgi.

Wata biyu bayan haka, magana ta kankama, aka sa ranar Asabar baffanninsa za su je Funtuwa. Sai Baffa Ɗayyabu ya aiko a tura masa takardun yaron.

Dole in gabatar muku da Baffa. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina aji uku, bayan rasuwar Abba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana awon auduga da tantance darajarta: wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu, wannan a mayar wa mai ita. Bai taɓa yarda da abin da baki ya faɗa ba matuƙar akwai takarda a kusa. Ba ya kiran sunana, domin sunan mahaifiyarsa na ci. Uwata yake ce mini.

Saƙonsa ya same ni ina gudun sauya jirgi a Mushairib, jaka a kafaɗa, gefen abayata a hannu kada matakalar lantarki ta cafke. Na buɗe wurin da nake tara takardun Siddiq, na zaɓi duka, na tura. Katin zama, takardar aiki, shaidar digiri, hotonsa da farar shadda. Da ita.

Washegari da safe wayata ta yi ƙara. Na ɗauka da fara'a.

"Ke yarinya."

Nan take na zauna a bakin gado. Tun ranar da na fasa masa tabarau ina 'yar shekara tara rabon da in ji wannan kira.

"Na buga takardun a shagon kwamfuta. Huɗu sun yi daidai. Ta biyar tana gabana. Tambarin makarantarku ne a sama?"

"Baffa, wannan ai gwaji ne kawai..."

"Tambaya na yi."

"Shi ne."

"Sa hannun na wane ne?"

"Nawa ne."

"Madalla. Ba na ƙin talaka, ni ma ba a kan katifa aka haife ni ba. Amma mutumin da ke da takardar aiki mai kyau haka, ga kuma wata takarda tana cewa ba shi da takalmi, ba shi da kujera, ba shi da mutane, to ɗaya daga ciki ƙarya take yi. In ta aikin ce ta bogi, mayaudari ne. In kuwa duka gaskiya ne, akwai ramin da albashin ke faɗawa wanda ba mu sani ba. A gaya wa mutanensa su dakata."

Kafin azahar guruf ɗin gidanmu na waya ya kama da wuta. Gwaggo Asibi ta aiko saƙon murya na minti shida. Ga kaɗan daga ciki: "Jidda, kin tsallake talakawan Funtuwa kaf, ga su nan birjik ba a rasa ba, kin hau jirgin sama, kin je ƙasar da ko kyanwa a cikin sanyi take kwana, kin tsamo mana mai satifiket! Namu na gida ko takarda ba su da ita!"

Sai ga na Siddiq ya shigo, Anti Liatu ta riga ta kai masa labari:

"Assalamu alaikum. Matalaucinki ne ke gaisuwa."

Na rubuta: "Don Allah ka bari, kuka nake yi."

"Ki yi haƙuri. Baffannina sun sayi goro da alawa, sun kama mota. Me zan ce musu?"

Na daɗe ina kallon rubutun. Wannan karon babu zolaya a ciki. Na san baffannin nasa tsofaffi ne masu ji da mutuncinsu. In aka ce musu su dakata ba dalili, ba lallai su sake ɗaura rawani su nufi Funtuwa ba.

"Kada ka ce komai tukuna. Ka ba ni zuwa Juma'a."

Ranar Laraba na je ofishin malamata mai duba aikina, wata dattijuwar farfesa da ba ta ɓata kalma. Idona a kumbure na ajiye mata takardar, na ba ta labari. Ta sauke tabarau, ta bi layukan da yatsa, ta ɗago.

"Ina ɗaya gurbin?"

"Wane gurbi?"

"Bayan kowace a'a, ana tambayar mutum: don ba ka da hali ne, ko don wani dalili? Wanda bai da mota don ba ya so, ba a ƙirga shi. Rashin da ya zama dole kaɗai ake ƙirgawa. Mutum nawa kika yi wa tambayoyin a haka?"

"Arba'in da biyu."

"Khalas, shi ke nan. Ki sake daga farko." Ta miƙo mini takardar, ta ƙara da cewa, "Amma ki fara da wannan."

Na fito ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. A harabar makaranta na kira Baffa, na zayyana masa komai, gurbi da dalili da farfesa.

"Wato yanzu da baki za ki gyara abin da kika sa wa hannu?" in ji shi. "Kowane manomi da na mayar wa auduga cewa yake sikelin ne ya lalace."

A nan Allah ya buɗe mini baki. "To Baffa, in manomi ya ce haka, me kake yi?"

"Sai in ɗauko dutsen awo wanda kowa ya san nauyinsa, in ɗora a gabansa."

"To a ɗora dutse. Ka nemo mutumin da kowa a Funtuwa ya shaida mai arziki ne, ka yi masa tambayoyin nan yadda suke. In takardar ta ce mai arziki ne, na haƙura."

Na ji ƙarar kujerarsa, alamar ya gyara zama. Ban taɓa sanin Baffa ya yi kewar aikinsa haka ba.

"Alhaji Ɗanbaba," ya ce.

Alhaji Ɗanbaba maƙwabcinmu ne, dillalin auduga, mai tirela shida da gidajen haya layi guda. Sai dai tun da nake ban taɓa ganin hayaƙin suya ya tashi daga gidansa ba in ba da Babbar Sallah ba.

Rahoton ya iso ranar Alhamis da la'asar, ina ɗakin Anti Liatu tana soya mana doya da ƙwai. Saƙon murya ne, Baffa ya share maƙogwaro kamar mai karanta sanarwa a rediyo:

"An gudanar da gwaji yau a zauren Alhaji, bayan sallar azahar. Na tambaye shi hutun mako guda, ya ce ya bar wa wa shagon. Kujeru, ya ce waɗanda mahaifinsa ya bari ba abin da suka yi. Nama duk bayan kwana biyu, ya ce shi ba kura ba ne. Takalmi, ya nuna mini na ƙafarsa, an ɗaure shi da waya. Mota ta hawa, ya ce tireloli na kaya ne, shi acaɓa yake hawa, kuma sai an yi ciniki. Da na zo kan ko zai iya biyan wata larura in ta taso ba zato, sai ya zaci rance na zo nema, ya rantse ko sisi babu a gidan. Jimla, goma cikin goma sha uku. Da na sanar da shi sakamako, ya tambaya ko Turawan za su turo tallafi, kuma a ina ake sa hannu."

Anti Liatu ta zauna daɓas a ƙasan kicin, cokali a hannu, tana dariya har hawaye na zuba. Ni kuwa na kasa numfashi.

"Saboda haka," Baffa ya ci gaba, "an soke sikelin. Amma soke sikeli ba ya nufin kaya sun yi kyau. Gobe ƙarfe biyu agogonmu zan sake awon yaron da kaina, da sabon gurbin. Liatu ta zama shaida."

Juma'a, ƙarfe huɗu agogon Doha. Na sa atamfata mai ruwan ganye da mayafi ruwan madara, na canza ɗankunne sau uku kamar ni za a auna. Muka koma teburin nan na Souq Waqif. Masu turin baro suna wucewa da jakunkunan mutane, ƙamshin turaren wuta da gasasshen nama na tashi. Siddiq ya iso da kaftani ruwan toka, hula zanna, da leda a hannu. Anti Liatu ta jingina wayar da kwalin tishu. Fuskar Baffa ta bayyana, tabarau a kan hanci, takarda da jan biro a gabansa, rabin fuskar Gwaggo Asibi na leƙowa ta bayan kafaɗarsa.

Bayan gaisuwa mai tsawo, wadda Siddiq ya yi yana neman durƙusawa a gaban kwalin tishu, Baffa ya fara.

"Ɗumama gida. Rashin hali ne, ko wani dalili?"

Siddiq ya juya wayar ya nuna masa titi, inda iska ke rawa saboda zafi.

"An gamsu. Mota?"

"Baba, daga ɗakina zuwa aiki minti goma sha biyu ne a jirgi. In na sayi mota, minti arba'in."

"Hankali ne wannan. Hutu?"

"Mahaifiyata nake zuwa gani."

"Wannan ai ya fi hutu. Kujeru?"

"Na kamfani ne."

"Amana ke nan. Takalmi?"

Siddiq ya buɗe ledar, ya zaro sababbin takalma ƙafa biyu, ya ɗaga su gaban waya, da rasiɗi.

"Kin ga yaro mai ajiye rasiɗi," in ji Baffa, yana waigen Gwaggo. "Silima?"

"Barci nake yi a ciki."

"Ni ma haka. Saura ɗaya. Cin abinci tare da 'yan'uwa ko abokai, ko sau ɗaya a wata. Ka ce a'a. Rashin hali ne?"

Na zuba ido ina jiran zolayar. Ba ta zo ba. Siddiq ya ajiye takalman, ya kalli kofin shayinsa.

"Ba rashin kuɗi ba ne, Baba."

"To rashin so ne?"

"Ba rashin so ba ne." Ya ɗan yi murmushi. "Aikinmu na karɓa-karɓa ne. Lokacin da na tashi, waɗanda na sani sun shiga. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi, takalminsa na fi sani a kan fuskarsa. Abinci kuwa ina ci, alhamdu lillahi, mai kyau ma. A tsaye, a bakin taga. In na dafa da yawa sai in sa a firji, gobe in ci tare da kaina."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu. In ban da shayin nan da nake sha da su Anti."

Wata biyu takardar nan tana cikin wayata. Na karanta littattafai a kan kaɗaicin tsofaffin Turai har na iya ba da lacca, amma mutumin da ke zaune gabana ya ce mini a'a, na ƙirga ta na wuce.

Gwaggo Asibi ce ta fara magana, ta ture kafaɗar Baffa ta cika fuskar wayar. "Shekara huɗu? A tsaye? Ke Liatu, kuna ina? Jidda, wannan wane irin rashin imani ne? Shayi abinci ne?"

"Gwaggo, ai ke kika ce mai satifiket..."

"Rufe mini baki! Yaro na cin tuwo da taga kina yi masa tambayoyi!"

Baffa ya karɓe wayar. Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda tabarau ke buƙata.

"Sakamako," ya ce. "Shida an soke. Ɗaya ta tabbata, kuma babu gurbin da ya dace da ita a takardarku, tsohuwa da sabuwa. Ki gaya wa malamarki. A aikinmu, audugar da aibinta ɗaya ne, kuma aibin mai gyaruwa ne, lamba ɗaya ce. Su can an ce minista suke naɗawa. Mu nan ba mu da kuɗin minista." Ya mayar da tabarau. "Uwata."

"Na'am, Baffa."

"A gaya wa mutanensa gobe bayan azahar muna jira. Su zo da yunwarsu."

Anti Liatu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Souq Waqif, har wani mai turin baro ya saki baronsa ya waigo. Ta daka wa ma'aikacin shagon kira, "Yalla, kawo shinkafa da rago, babban faranti, cokali uku!" Siddiq ya ce ai bai jin yunwa. Ta ce ba tambayarsa aka yi ba, an gama tambayoyi. Baffa bai kashe wayar ba sai da ya ga loma ta farko ta shiga, sannan ya sa jan biro ya ja layi.

Ranar Asabar baffannin Siddiq sun je, an karɓe su, an ba su. Gwaggo ta aiko hotuna talatin da ɗaya, ashirin a ciki na kwanukan abinci ne.

Domin cikar bayani, ga abin da lamarin ya ci:

Takardun tambayoyi arba'in da biyu, an zubar. Babi guda na kundina, za a sake rubutawa, da ƙarin gurbi na uku wanda farfesa ta ce in bar shi ta gani. Kwana huɗu ba ci ba sha sosai, siket ɗin atamfata ya shaida. Takalma ƙafa biyu, ɗaya ta matse shi. Gaisuwar Alhaji Ɗanbaba, wanda ya daina amsa sallamar Baffa tun da ya gane babu tallafi. Juma'o'in Anti Liatu, domin Gwaggo ta yanke mata hukuncin tuwo da miyar kuka duk mako har a ɗaura aure.

Sai taga guda ɗaya a wani bene, wadda ta yi asarar abokin cin abincinta. Ba a sa ran mayar mata da shi.